Komawa Gaban Kyamara Bayan An Yi Maka Rashi: Jagora Ga Ɗan Wasa

A tsohuwar ƙasar Girka an yi wani shahararren ɗan wasan dandamali mai suna Polus. Ɗansa da yake ji da shi ya rasu, ya jingine sana'a na wani lokaci, sannan ya dawo. Rawar da ya taka bayan dawowarsa ta Electra ce a wasan Sophocles, domin a zamanin maza ne ke fitowa a matsayin mata. A cikin wasan akwai inda Electra take rungumar wani tulu tana kuka, a zatonta tokar gawar ɗan'uwanta ce a ciki. Polus bai ɗauki tulun wasa ba. Tulun da tokar ɗansa take ciki ya ɗauko daga kabari, ya hau dandamali da shi, ya yi kukan da babu kwaikwayo a cikinsa. Wani marubucin Rum, Aulus Gellius, shi ya adana labarin a ƙarni na 2 Miladiyya.

Malaman wasan kwaikwayo suna son labarin nan, suna kawo shi a matsayin ƙololuwar sadaukarwa. Ni kuwa duk sanda na ji shi sai hankalina ya tafi ga washegari. Labarin ya ƙare a kan dandamali, bai raka mutumin gida ba. To wannan jagorar ta wanda zai koma gida ce bayan an ce “kot”, wato a tsayar da ɗauka, ya kwana, gobe ya sake fitowa.

Tela zai iya taka keke zuciyarsa tana wani wuri, rigar kuma ta fito daidai. Ɗan wasa ba shi da wannan gatan. Kayan aikinsa su ne fuska, murya, numfashi, ƙwaƙwalwa da zuciya, su ɗin ne kuma rashi yake fara taɓawa. Zan riƙa cewa “ka” don sauƙin magana, amma zancen ya shafi jaruma kamar yadda ya shafi jarumi.

Da farko, ka san abin da rashi ya yi wa kayan aikinka

Alhini yana sauka a jiki. Barci ya gagara ko ya zo guntu-guntu, ci ya fita a rai, gaɓoɓi su yi nauyi kamar an yi maka duka. Numfashi ya hawo ƙirji ya gajarce, maƙogwaro ya riƙe, muryar da ka saba jefawa har kujerar ƙarshe ta dawo siririya. Abin da ya fi firgita 'yan wasa shi ne mantuwa. Mutumin da yake haddace shafi uku a zama ɗaya sai ya karanta layi huɗu sau goma bai riƙe ba, ya fara tunanin basirarsa ta bi mamacin. Tana nan. Ƙwaƙwalwar ce take fama da wani babban karatu, koyon zama a duniyar da babu wannan mutumin, ga kuma ƙarancin barci wanda shi kaɗai ya isa ya lalata hadda.

Wataƙila wani ya riga ya karanto maka matakai biyar na baƙin ciki: musu, fushi, neman sasanci, ƙunci, sai sallamawa. Likita Elisabeth Kübler-Ross ce ta fito da su a 1969, daga hirarrakin da ta yi da majinyatan da ke fuskantar mutuwar kansu. Ba daga waɗanda aka bari a baya ta samo su ba, kuma mutane ba sa hawan su bi da bi kamar tsani. Kada ka zauna kana jiran ka kai mataki na biyar kafin ka amsa kiran aiki.

Bayanin da ya fi amfani ga mai komawa sana'a shi ne na Margaret Stroebe da Henk Schut na jami'ar Utrecht a ƙasar Holan, wanda suka wallafa a 1999. Sun ce mai alhini kai-komo yake yi tsakanin ɗaki biyu. A ɗaya yana kewa, yana kuka, yana tuna mamaci. A ɗayan yana biyan bashi, yana koyon sababbin ɗawainiyoyi, yana aiki, har yana dariya. Lafiyar tana cikin kai-komon, matsalar kuma tana ga wanda ya kulle kansa a ɗaki guda, ko wanne ne. George Bonanno na jami'ar Columbia a Amurka, wanda ya shafe shekaru yana bibiyar waɗanda aka yi wa rashi, ya gano cewa kaso mafi girma suna ci gaba da harkokinsu duk da raɗaɗin. Saboda haka in ka ji ranka yana son aiki, wannan bai rage komai daga ƙaunarka ga wanda ya tafi ba.

Yaushe za ka koma?

Babu adadin kwanakin da ya dace da kowa, kuma duk wanda ya yanka maka wa'adi da kansa yake aunawa. A watan Maris na 2009 jaruma Natasha Richardson ta rasu bayan ta faɗi a wajen wasan zamiya kan ƙanƙara a Kanada. Mijinta, Liam Neeson, yana tsakiyar ɗaukar wani fim a Toronto a lokacin. Kwanaki kaɗan bayan jana'iza ya koma ya ƙarasa sassansa, daga baya kuma ya bayyana a hira cewa gudun da ya yi zuwa aiki yana cikin abin da ya riƙe shi. Amma ka lura, masu fim ɗin sun sake tsara aikin ne domin ya dace da halin da yake ciki. Ba tsohon jadawali ya koma ya tarar ba.

Akwai kuma maganar da ba a cika son faɗa ba. Yawancin 'yan wasa sai sun fito ake biyan su. Babu albashin wata, babu hutun rashi a rubuce, rashin kansa kuma yakan zo da ɗawainiya. Idan buƙata ce ta mayar da kai da wuri, kada ka ɗora wa kanka nauyin jin laifi a kan wanda kake ɗauke da shi. Ka dai san dalilinka, domin wanda dole ta mayar ya fi buƙatar kariya a kan wanda ransa ne ya so.

Kafin ka amsa kira, gwada kanka a gida kwana uku a jere. Ka tashi a lokacin da za ka tashi ranar aiki, ka shirya tsaf. Ka haddace shafi ɗaya na kowane rubutu da safe, ka maimaita shi da yamma ba tare da dubawa ba. Sannan ka faɗa da bakinka, a fili, cewa wane ya rasu, da sunansa, domin a lokeshan, wato wurin ɗaukar fim, sai ka faɗi maganar ko ka ji an faɗe ta. Hawaye zai iya zuwa, babu laifi. Abin dubawa shi ne ko kana dawowa daidai bayan minti goma, ko kuwa yinin ya tafi ke nan. Idan biyu cikin ukun nan sun gagara, ka nemi a ɗaga maka, ko ka fara da ƙaramin aiki: fitowa ɗaya ko biyu, karatun murya, talla ta yini guda.

Karanta labarin da biro a hannu

Kada ka amince da rawa daga bayanin waya. Ka nemi rubutun labarin gaba ɗaya, ba shafukanka kaɗai ba, ka karanta shi da rana, kana zaune, ka sa alama a duk inda cikinka ya ɗaure.

Za ka yi mamakin inda alamomin za su faɗa. Kowa zai zaci sin ɗin (wato fitowar) asibiti ne ko na gawa, kuma wani lokacin su ne. Amma sau da yawa waɗannan suna zuwa da sauƙi saboda ka hango su daga nesa, ka ɗaure. Wanda yake kayar da mutum shi ne sin ɗin da babu komai a cikinsa: uwa tana gyara wa ɗanta wuyan riga, miji yana tambayar matarsa inda ta ajiye makulli, wani ya kira wani da irin sunan da mamacin yake kiran ka. Wasan barkwanci ma ba mafaka ba ne kamar yadda ake zato. Dariya tana buƙatar sauri da sakin jiki, su ne kuma alhini yake fara ƙwacewa.

Ka kuma bambanta fim da dandamali. A fim, sin mai wuya ana gama shi a yini ɗaya ya wuce, sai dai a yinin za a iya maimaita shi sau da yawa, daga nesa, daga kusa, ta bayan kafaɗar abokin wasa. A dandamali kuwa kowane dare sai ka bi ta wurin, makonni ko watanni, babu mai cewa a tsaya a sake. A 1989 Daniel Day-Lewis yana taka rawar Hamlet a babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Landan. A wurin da fatalwar mahaifin Hamlet take bayyana ya fice daga dandamali, bai koma ba, kuma tun ranar bai sake wasan dandamali ba. Mahaifinsa, Cecil Day-Lewis, ya rasu tun 1972, lokacin shi yana da shekara 15. An yi ta yaɗa cewa fatalwar mahaifin ya gani. Shi dai daga baya ya nuna ba gani da ido yake nufi ba, wasan ne yake sa shi tona dangantakarsu kowane dare. Shekara 17 ke nan tsakani. Kai da naka mikin yake ɗanye, ka auna.

Idan alamominka sun cika labarin, ka bar shi ya wuce. Rawa ba ta ƙarewa.

Ka yi magana da darakta kafin ranar ɗauka

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da yawa suna yin shiru don tsoron kada a ce sun zama matsala a daina kiran su. Tsoron yana da tushe, amma darakta ya fi tsoron abin da zai faɗo masa a tsakiyar ɗauka, ana ƙona kuɗi, a kan abin da aka gaya masa mako guda kafin nan. Ka same shi shi kaɗai, ko shi da furodusa, ka taƙaita. Ba labarin jinya za ka ba shi ba, buƙatu za ka gabatar. Misali:

“Yallaɓai, ka san rashin da aka yi mini. Na shirya aiki, na kuma karanta labarin. Sin biyu ne nake ganin za su yi mini nauyi, na sa musu alama. Ina roƙon kada a sa su a ranar farko, kuma ranar da za a ɗauke su a rage mutane a wurin. In na ɗaga hannu, a ba ni minti biyar, zan dawo.”

Abubuwan da ya kamata ku daidaita ba su da yawa. A fara da sin masu sauƙi domin jiki ya tuna sana'arsa. Sin mai nauyi a sa shi ƙarshen yini, yadda in an gama sai tafiya, ba a ce ka share fuska ka shiga sin ɗin biki ba. A sin ɗin, in zai yiwu a fara da ɗaukar fuskarka ta kusa, kada a gajiyar da kai a ɗaukar nesa sannan a zo neman hawaye. A dandamali, ka tabbatar akwai wanda ya san rawarka da zai iya maye gurbinka, kuma an yi bita da shi. Sanin cewa akwai shi ma yana rage fargaba. Abin da kuka amince a kai ka tura masa a saƙo bayan kun rabu, saboda ranar ɗauka kowa mantawa yake yi.

Sai ka zaɓi mutum ɗaya a cikin ma'aikata, mataimakin darakta ko abokin wasan da ka yarda da shi, ya zama bakinka. Shi zai gaya wa sauran abin da kake so: a yi maka gaisuwa ko a bar ta, a ambaci mamacin ko kada a ambata. Mutum talatin masu kyakkyawar niyya, kowa ya riƙe hannunka ya tambayi yadda abin ya faru, sun isa su ƙarar da kai kafin a kunna kyamara. Ka tanadi amsa guda gajeriya, “Na gode, Allah ya ba da lada,” ka wuce. Babu wanda yake bin ka bashin bayani.

Hadda da ƙwaƙwalwar da ta gaji

Ka ba kanka ninkin lokacin da ka saba. Ka yanka shafi gida-gida, minti ashirin ka tashi, ka dawo. Ka yi bitar ƙarshe dab da kwanciya, domin a cikin barci ƙwaƙwalwa take ƙulle abin da aka koya. Helga Noice, masaniyar halayyar ɗan'adam, da mijinta Tony Noice wanda ɗan wasa ne, sun daɗe suna nazarin yadda 'yan wasa ke riƙe kalamai. Sun nuna cewa ƙwararru ba haddar aku suke yi ba, dalilin kowace magana suke bi, kuma layin da aka koya tare da motsi ya fi zama. Wannan ya yi maka daidai yanzu. Ka tashi tsaye, ka haɗa kowane layi da abin da hannu ko ƙafa ke yi: wannan ina faɗar sa ina rufe ƙofa, wancan ina zama. In kai ya ɓace, jiki zai tuna maka. Kuma neman a riƙe maka takarda a bayan kyamara ba faɗuwa ba ce, manya ma suna yi.

Kada ka mayar da mamacinka rijiyar hawaye

Nan ne zuciyar maganar, kuma nan ne jarabawar take. Ranar sin ɗin kuka za ka ji wata murya tana ce maka: ga shi nan a kusa, ka tuna fuskarsa ta ƙarshe kawai, hawaye zai zubo. Zai zubo kuwa. Wataƙila ma a tafa maka. Ra'ayina dai shi ne kada ka yi, kuma tarihin sana'ar yana goyon bayana.

Konstantin Stanislavski, wanda ya kafa gidan wasan fasaha na Mosko a 1898 tare da Nemirovich-Danchenko, shi ya shigo da dabarar tono abin da ya taɓa faruwa da kai domin samar da shauƙi a wasa. Lee Strasberg ya ɗauke ta ya gina koyarwarsa a kanta a Amurka. Amma Stanislavski da kansa bai tsaya nan ba. A ƙarshen rayuwarsa ya karkata ga aikatau, wato abin da mutumin cikin labari yake yi da abin da yake nema. A 1934 Stella Adler ta same shi a Faris ta yi 'yan makonni tana karatu a wurinsa, ta koma Amurka ta ƙalubalanci Strasberg, ta kuma ƙare rayuwarta tana koyar da cewa tunanin ƙirƙira da yanayin da labari ya bayar sun wadatar. Ko a makarantar Strasberg ɗin, ƙa'idar da aka sani ita ce kada a taɓa abin da bai kai shekara 7 da faruwa ba. Waɗanda suka fi kowa yarda da dabarar ke nan, su ma sun san ba a fama sabon miki.

Dalilan a bayyane suke ga duk wanda ya taɓa gwadawa. Sabon rashi ba ya bin umarni. Ka buɗe shi a ɗauka ta farko, a ta biyu ka kasa magana, a ta shida ka bushe ƙamas. Kukanka kuma ba lallai ya zama kukan mutumin cikin labari ba. Shi wataƙila ƙoƙarin ɓoye hawaye yake yi a gaban 'ya'yansa, kai kuma ka ɓarke. Sannan akwai asarar da ba a gani nan take: tunanin da ka yi ta murzawa don aiki yakan dushe, ko ya gauraye da fitilu da muryar darakta, wata rana ka neme shi don kanka ka tarar ya zama kayan aiki.

To me za ka yi a madadinsa? Ka tambayi abin da mutumin yake so daga wanda ke gabansa a wannan sin ɗin. Yana so a ce masa ƙarya ne? Yana so ya hana wani fita? Ka bi wannan buƙatar da gaske, ka zuba ido a kan abokin wasanka, ka bar shauƙi ya zo ko kada ya zo. Ka gina wa mamacin cikin labari siffa tasa daban, da tsawo da murya da tafiyar da ba su yi kama da naka ba. Ka yi aiki daga waje: numfashi mai tsinkewa, kafaɗu a sake, ido a ƙasa. Jiki yakan ja zuciya. In kuma hawaye ake buƙata a kyamara, mai kwalliya tana da giliserin da sandar mantol da ake gogawa a ƙasan ido. Mai kallo bai taɓa tambayar daga ina hawaye ya fito ba.

Duk da haka, wata rana naka zai shigo da kansa ba ka kira shi ba. Kada ka firgita. In kana iya riƙe layinka, ka ƙarasa. In ba ka iyawa, ɗaga hannun da kuka yi alkawari. Bambancin a nan shi ne baƙo ne ya zo, ba kai ka je ka tono shi ba.

Gargaɗi ɗaya game da daraktoci. Akwai wanda zai matso kunnenka dab da ɗauka ya ce, “Tuna babanka.” Wani da kyakkyawar niyya, wani kuwa ya ga bagas ne. Ka tare wannan tun a zaman farko, ka ce kada a yi amfani da rashinka wajen ba ka umarni. In an yi, kana da ikon cewa a tsaya. Haka in an ci gaba da ɗauka bayan ka fita daga wasa ka shiga kukan kanka, ka nemi kada a sa wannan a fim sai da yardarka.

Fita daga rawa, da zaman jira

Ana koya wa 'yan wasa shiga rawa, ba a cika koya musu fita ba. Susana Bloch, masaniyar ƙwaƙwalwa 'yar ƙasar Chile, ta yi nazarin yadda kowane shauƙi yake da irin numfashinsa da tsayuwarsa da yanayin fuskarsa, ta kuma tsara hanyar komawa daidai bayan wasa. Ga yadda take a taƙaice: ka miƙe tsaye, ƙafafu a jere, ido a buɗe yana kallon nesa. Ka ja numfashi ta hanci a hankali kana ɗaga hannuwa sama da kai, ka ɗan dakata, ka sake shi ta baki kana sauke su. Ka yi aƙalla sau uku, ka shafa fuska, ka girgiza jiki. Bayan nan ka cire kayan wasa da kanka, ka wanke fuska, ka sa naka, ka yi magana da wani a kan abin da bai shafi fim ba. Kada ka riƙe sitiyari kai tsaye bayan sin mai nauyi. Ka zauna tukuna, ko wani ya kai ka.

Abin mamaki, sau da yawa ba gaban kyamara ne wurin haɗari ba. Jiran ne. Awa uku kana zaune ana gyara fitila, waya a hannu, sai yatsa ya kai ka tsofaffin hotuna da saƙonnin murya, a daidai lokacin a ce an shirya. Ka bar wayar a jaka, ko ka ba bakin naka ya riƙe. Ka tafi da abin da zai riƙe hannu, ka sha ruwa, ka ci wani abu ko ba ka jin yunwa.

Ɗakin kewa kuma kada ka rufe shi don kana aiki. Ka ware masa lokaci kullum, ko rabin awa ne bayan ka dawo: addu'a, rubutu, kallon hotunan nan, hira da wanda ya san mamacin. In ya san yana da lokacinsa, ya fi barin ka ka yi aiki. Ka kuma duba kalanda tun yanzu, ranar da ya cika shekara, ranar haihuwarsa, duk ranar da ka san za ta yi nauyi, ka nemi kada a sa ka aiki a cikinta.

Idan fuskarka sananniya ce, akwai ƙarin kaya. Ɗan jarida zai tambaya, masu bibiyarka za su yi sharhi: ya koma da wuri, ta yi dariya a hoto, bai rubuta komai ba. Ka yanke tun kafin hira abin da za ka faɗa, jimla ɗaya ko biyu, ka gaya wa mai hirar iyakarka kafin a kunna na'ura. Shafukanka na Instagram ko Facebook kuwa za ka iya damƙa wa wani amintacce na ɗan lokaci.

Inda haƙuri kaɗai ba ya isa

Yawancin alhini yana sassautawa da kansa, amma akwai wanda yake maƙalewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a kundin cututtukanta da ya fara aiki a Janairun 2022: kewa mai tsanani da ta mamaye tunani, ta hana mutum rayuwarsa, ta kuma ɗauki aƙalla wata 6, fiye da abin da aka saba gani a al'ummarsa. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa shi a nata kundin a Maris na 2022, da ma'aunin wata 12 ga manya. Yana da magani. Katherine Shear ta jami'ar Columbia ta tsara jinyar tattaunawa ta zama 16 musamman dominsa.

Wasu alamomin kuwa ba a jira musu watanni. In sai ka sha wani abu kafin ka iya tsayawa gaban kyamara ko ka yi barci, in makonni sun wuce ba ka barcin kirki, in ka fara jin gara ka bi mamacin, ka gaya wa wani na kusa yau, ka ga likita. Ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi kuma asibiti ake kai su nan take. Likitocin Japan sun bayyana tun 1990 wani ciwo da tsananin tashin hankali ke raunana tsokar zuciya, alamominsa kamar na bugun zuciya, kuma ba a gane bambancin a gida.

Saura abu ɗaya da kusan kowa yake mantawa. Fim ɗin da ka yi a wannan halin zai fito bayan watanni, wataƙila lokacin ka fara samun sauƙi. Masu kallo labari za su gani. Kai kuwa za ka ga ramar da ka yi, ka ga idon da bai yi barci ba, ka tuna abin da ya faru a daren kafin kowane sin. Ka roƙi furodusa ya ba ka ka kalla tun kafin ranar nunawa, a ɗaki, kai da mutum ɗaya, da na'urar tsayarwa a hannunka.